Guntuwar Usta Mamasoli

Ina cikin takabar mijina Hoshim ƙyauren gidana ya faɗi. Iska ce ta kaɗa shi da hantsi ya kwanta a kan hanya, tsakar gidana ya zama abin kallon duk mai wucewa. Ba ni da ɗa namiji a kusa, ga shi ba na fita. Na ja mayafi na koma ɗaki na zauna. Can sai na ji ana jan ƙarfe ana zagi. Mamasoli ne, wanda ake kira Usta, wato gwanin sana'a, maƙwabcinmu da katanga ɗaya ta raba mu. Bai yi sallama ba, bai leƙo ba. Ya ba gidan baya ya tsuguna, ya zagi wanda ya ƙera ƙarfen da ke riƙe da ƙyauren, ya zagi wanda ya sayar da shi, ya zagi iskar. Har marigayin bai bari ba, wai shekara nawa yana ce masa ya ɗiga wa abin nan mai. Da ya gama walda ya buɗe ya rufe, ya ji babu ƙara, ya ja kayansa ya tafi. Na ba matarsa Oyimhon gurasa mai zafi ta kai masa. Ya ce a faɗa min gishiri ya yi yawa. Amma ya cinye.

Haka Usta yake, Allah ya jiƙansa. Ban taɓa jin ya yi wa mutum alheri da murya mai daɗi ba. Garin nan ya ci moriyar hannunsa shekara da shekaru, amma yau in an ambace shi sai ka ji an ce, "Au, wanda ya yanke mota ya karya tsohuwa?" Duk sanda na ji haka sai ƙirjina ya ɗau zafi, sai na yi ta istigfari kafin ya sauka. Waɗanda maganar za ta taɓa duk sun riga mu gidan gaskiya, don haka bari in faɗi yadda aka yi.

A zamanin Sobiyet shi ne makaniken gandun dajin gwamnati. Da gwamnatin ta watse aka shiga rabon kayan gandun, masu wayo suka ja shanu, wasu suka kwashe kwanon rufi. Shi kuwa ya kafe a kan wata tsohuwar motar soja mai ja da tayoyi huɗu, wadda kaji suka daɗe suna ƙwai a cikinta. Ya tashe ta a cikin hunturu ɗaya.

Kurmin yongok shi ma aka raba shi, kowane gida da yankinsa. Wannan gyaɗar bishiya mai ƙoƙo ita ce abincinmu na shekara, da ita ake sayen gari, da ita ake aurar da 'ya'ya. Masu baki a gari suka sami bishiyoyin bakin hanya. Mu marasa baki aka tura mu can sama, bayan wata muguwar kwana da ake kira Gwiwar Jaki. In ana saukowa daga yankinmu, hanyar takan gangara ta shiga rafi, ta fito ta miƙe tsaye, sannan a tsakiyar hawan ta karya kwana, dutse a dama, rami a hagu. Da ruwan kaka ya sauka sai wurin ya zama jan taɓo mai cire wa mutum takalmi. Doguwar mota ba ta iya kwanar. In ma ta gwada, cikinta ne zai zauna a kan tudu, tayoyi na juyi a banza. Sai dai jaki, buhu biyu-biyu. Kafin ka gama saukar da naka, ruwa ya shiga sauran ya yi baƙi ya ruɓe.

Usta ya gwada Gwiwar da motarsa sau ɗaya. Ta maƙale, sai da aka haɗa dawakai aka jawo ta da baya, mutane na tsaye suna ba da shawara. Ya dawo gida ya ɗauko igiya da alli ya shiga zagaya ta.

A haka ƙanensa Ergash ya same shi. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma Ergash mutum ne mai sanyin baki, mai waƙa a gidan biki, wanda tunda aka haife shi bai taɓa iya ce wa kowa a'a ba.

"Aka," ya ce, don haka ake kiran yaya a wurinmu, "me kake aunawa? Riga za ka ɗinka mata?"

"Rage mata tsawo zan yi."

"Mota? Mota ake ragewa kamar wando?"

"Riƙe min igiyar nan ka yi min shiru. Kai da ba ka san noti ba sai in ya faɗo maka a ka."

Oyimhon ta leƙo daga wajen tanderu, hannunta duk gari. "Mutum abu ɗaya tak ya mallaka a duniya, shi ma sai ya raba shi biyu. Ergash, ka yi masa magana mana."

"Ai ya yi," in ji Usta. "Kin ga abin ya canza?"

Ya sauke bodin ya bar dogayen ƙarafa biyun da motar ke zaune a kansu tsirara. Bai yanke su a tsaye ba, a karkace ya yanka, don ya ce yankan tsaye a wurin yake sake karyewa. Ya cire kusan kamu uku, ya jawo tayoyin baya gaba, ya haɗe, ya ɗora faifan ƙarfe ciki da waje ya bi da walda. Ba shi da gilashin walda na kirki, wani fasasshen gilashi ne da ya turara da hayaƙin fitila. In na shiga wajen Oyimhon da la'asar sai in same shi kwance a kan gadon katako na tsakar gida, ta goga ɗanyen dankali ta ɗora masa a ido, hawaye na bin kunnensa, yana zagin dankalin.

Ranar da ta fito, tun kafin ta kai bakin kasuwa an raɗa mata suna Guntuwa. Ergash ke tuƙi, Usta na gefe. Tana fara gudu sai ta hau karkarwa kamar mai zazzaɓi, madubi ya faɗi, Ergash ya ciji harshensa. Ba su kai gada ba wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashi, ta tsaya. Mazauna gidan shayi suka fito da kofunansu a hannu.

"Usta, ko ka manta rabin a gida ne?"

"A ƙara rage ta, wataƙila ta zama keke!"

Usta ya zargi tayoyi, ya musanya su. Ya zargi giyar motar, ya sauke ya buɗe, lafiyarta lau. Ya zargi kayan da ya sayo a kasuwar Osh, ya tsine wa mai shagon har jikokinsa. Abin da ke karyewa shi ne mahaɗin farfela, sandar nan da ke ɗaukar juyi daga giya ta kai wa tayoyin baya, wadda ita ma dole ya rage ta. Ya sa sabon mahaɗi, shi ma ya karye. Ranar da ya gano, ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji shiru ta bayan katanga, irin shirun da ban saba ji daga gidan ba. Can na ji ya ce a hankali, "Mamasoli, jaki ya fi ka." Ashe kunnuwan da ke kan sandar gaba da baya dole su kalli gefe ɗaya, shi kuwa da ya yanke ta ya sake haɗawa ya ɗan murɗe ɗaya. Bai ɓoye ba. Ya taka har gidan shayi ya faɗa wa masu dariyar da bakinsa cewa laifinsa ne, ya ƙara da cewa su ba za su taɓa yin kuskure ba, tunda ba su taɓa yin komai ba.

Ya sake yanke sandar ya daidaita ta, ya cusa wasu ƙarafa masu kaifin baki a ƙarƙashin sifirin, wato ƙarafan da ke ɗauke da nauyin motar, don kan tayoyin baya ya ɗan ɗago ya fuskanci giyar. Guntuwa ta daina karkarwa, ta koma mutuwa a cikin rafi. Da ruwa ya fantsamo sai wuta ta ɗauke. Ya naɗe wayoyin da robar taya, ya toshe duk wata kafa da giris. Sai ta fara shaƙar ruwa ta inda take shan iska. Ya shiga ɗaki ya ciro bututun murhun da suke jin ɗumi da shi, ya kafa mata a gefe har ya wuce rufi. Oyimhon ta yi kwanaki ba ta yi masa magana ba. Bayan wannan ya buɗe man da ke tsakanin tayoyi ya same shi fari kamar madara. Ya zauna a ƙasa yana murza shi a yatsa har ya gane: ƙarfe in ya yi zafi ya faɗa ruwan sanyi, tsotsa yake yi ta 'yar kafar numfashinsa. Ya sa wa kowace kafa tiyo ya ja shi sama.

Abu na ƙarshe shi ya fi tsaya masa a rai. Mota in ta gajarce hancinta ba ya da nauyi. Ya loda mata buhunan yashi, ya sa Ergash ya hau tudun bayan makabarta, shi yana bin ta a ƙasa, kansa kusan a jikin tayar gaba. Ya ga tayar tana taɓa ƙasa ne kawai don kunya. Ya ɗauko ƙarafan da ya yanke ya manna su a goshinta don nauyi, sannan ya datse bodin ya ƙare daidai kan tayoyin baya, ko tafin hannu bai bari ya wuce ba.

"Ka saurare ni da kyau," ya ce wa Ergash. "Buhu mai nauyi a jikin kan mota. Mutane a kan buhu. Bayan tayar nan ko kaza kada ta zauna. In nauyi ya wuce nan, a hawan Gwiwa za ta miƙe tsaye ta zauna a kanku."

"Na ji, Aka."

"Ba ka ji ba. Kai kake gyaɗawa, yadda kake yi wa liman."

Dole ce ta sa ya ba Ergash makulli. Walda ta riga ta ci idonsa. Abin da ke hannunsa yana gani sarai, amma in ya ɗaga kai sai duniya ta zama kamar ana kallonta ta cikin ruwan wankin shinkafa. Ya ƙera motar da za ta hau inda babu wadda ta taɓa hawa, kuma ba zai iya tuƙa ta ba. Ina jin wannan ne ya ƙara masa zafin rai, ko da yake bai taɓa faɗa ba.

Da kaka ta zo muka tare a kurmi kamar kullum, da bukkoki da tukwane da shanu. Ina durƙushe ina tsinta a cikin ganye na ji gurnani daga wajen rafi. Guntuwa ce, jikinta duk taɓo, bututun murhu a tsaye, ta karya kwanar Gwiwa a juyi ɗaya. Mata suka fito da hannuwa baƙi ƙirin da ɓawon yongok suna shafa addu'a. A shekarar nan nawa ya sauka gida a bushe, karo na farko tun rasuwar Hoshim. Masu dariyar gidan shayi suka koma cewa dama tun farko sun san za a yi.

To, a wurinmu ba a wuce mai tafiya a ƙasa a lokacin kaka. Direban da ya wuce tsohuwa da buhu a gefen hanya, har 'ya'yansa sai sun ji a jikinsu ranar neman aure. Kuma tsofaffinmu ba sa iya hawa can saman kaya. A kowace mota a baya suke zama, ƙafa na lilo, suna jan carbi. Guntuwa kuwa ba ta da baya. A kaka ta biyu sai mazan sama suka sare wata bishiya suka fasa dogayen katakai, suna cusa su a ƙarƙashin buhuna, sauran ya fito ta baya. Abin da Usta ya cire da ƙarfe suka mayar da itace. Aka fara da tsohuwa ɗaya, aka koma tsohuwa da buhunta, aka koma buhun ɗanta. Kafin a kai gada sai a zare katakan a ɓoye a ciyawa, don kada Usta ya gani.

Usta ba da ido yake gani ba. Duk yammacin da motar ta dawo sai ya bi ta da hannu tun daga goshi har baya, kamar mai duba doki. Wata rana ya ji sifirin baya ya kwanta. Ya shafa gefen bodin, tsinken itace ya soke shi.

"Ergash! Zo nan. Kawo hannunka. Mene ne wannan?"

"Itace ne, Aka."

"Na san itace ne, ɗan waƙa! A motar da na ƙera babu itace a nan wurin."

"Aka, mutane ne fa. Ya zan yi? Mutum ya tsaya a gabanka da buhu, ka ci gurasar gidansa, uwarsa ta goya ka…"

"Ka ce masa a'a! Gajeriyar kalma ce, ko akuya tana iya ta."

"Kai kana gida. Ni nake kallon idonsu."

"Ni na ƙona nawa idon saboda su! Kana tsammani don rowa na datse bodin? In kana so ka kashe mutane ka nemi taka motar."

Ya ƙwace makullin. Ya riƙe shi har washegari, yana kai da komo a tsakar gida, yana ɗaga kai yana shinshina hadari. Babu wani direba a garin da zai yarda ya shiga Gwiwa, kuma rabin yongok ɗin sama na jibge a kurmi. Ya sa Oyimhon ta kawo gurasa, Ergash ya sumbace ta ya kai goshi ya rantse ba zai ƙara ba. Da Allah ake rantsuwa, amma haka mutanenmu suka saba. Usta ya jefa masa makullin a ƙirji.

Ergash ya riƙe rantsuwar har kusan ƙarshen kaka, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya sha gori, ya sha harara. A shekarar ne kuma aka ba da 'yarsa Zarnigor ga ɗan Tursunali, dattijon unguwarmu, aka sa biki bayan an gama tsinta. Mahaifiyar Tursunali, tsohuwar da duk gari ke kira Kumri-hola, wato Inna Kumri, tana sama tare da mu tana dafa wa masu tsinta abinci kamar yadda ta saba. Shi Tursunali ya tafi Jalal-Abad neman masu saye.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Kumri-hola ta ce gwiwoyinta sun ƙi, gida za ta.

"Hola, shigo gaba kusa da ni," in ji Ergash. "Ga bargo."

"In shiga akwatin nan mai warin fetur in amayar da hanjina? A baya zan zauna."

"Hola, babu baya."

"Kwanakin baya da ka ɗauki uwar mai gidan wanka akwai baya. Ni ce ban kai ba? To, mun gode, suruki. Tun ba a ɗaura ba mun fara ganin hali."

Ergash ya waiga yana neman wanda zai cece shi. Maza har sun jawo katakan. Na ce, "Ergash, Usta fa?" Bai kalle ni ba. Da aka zaunar da tsohuwar sai wani ya ce ai a sa mata buhu ta jingina. Wani ya ce a sa ɗaya ta wancan gefen kada ta zame. Kafin ka ce me, bayan ya cika.

Muna bin su a ƙasa. Guntuwa ta ƙetare rafin lafiya, ta kama hawan. A daidai kwanar na ga haske a ƙarƙashin tayoyin gaba. Ergash na murɗa sitiyari, tayoyin na juyawa a iska. Ta miƙe a hankali kamar doki mai tirjiya, ta zauna a kan katakan, ta zamo da baya, ta kwanta a gefenta cikin taɓo. Buhuna suka fashe, yongok ya bi ruwa. Na saman suka zube cikin laka, babu wanda ya ji ciwon kirki. Kumri-hola ce buhuna suka danne. Ƙugunta ya karye, ba ta ƙara takawa ba har ta koma ga Allah.

Aka ɗauke ta a bargo, aka tura mai doki gari. Kafin kowa ya iso, mazan nan suka zare katakan suka faskara, suka cusa a ƙarƙashin tukunya. Da su aka dafa shayin da aka ba masu firgita. Na ƙi sha.

Usta ya iso a ƙasa, taɓo har cinya. Bai tambayi kowa komai ba sai lafiyar tsohuwar. Ya durƙusa ya bi ƙarafan motar da hannu, tun daga inda ya yanka har inda ya haɗa. Waldarsa ko tsagewa ba ta yi ba. Ya kai hannu bayan bodin ya tsaya. Ya ɗaga kai ya shaƙi hayaƙin ɗanyen itace. Duk muka jira tsawa. Sai ya miƙe ya kama hanyar gida.

Bayan sallar Juma'a dattawa suka zauna a gidan shayi, ni dai daga baya na ji yadda aka yi. Rabin waɗanda ke zaune a wurin da hannunsu suka ɗauki katakan. Tursunali ya dawo, idonsa jawur.

"Motar da masana suka ƙera, kai ka ɗauki alli ka ce ka fi su," ya ce. "Ga uwata can a kwance."

"Tashi mu je ka shafa waldar da hannunka!" in ji Usta. "In ka sami tsaga ko ta gashi ɗaya, ka yanke min hannu."

"To me ya ɗaga ta? Aljani? Ergash, kai ne a sitiyari. Kai surukina ne, ba za ka yi min ƙarya ba. An yi wani abu da ba a saba yi ba?"

Kowa ya sunkuya yana duba cikin kofinsa. Usta ba ya hango fuskar ƙanensa daga inda yake. Amma ya san halin Tursunali. In aka ce Ergash ne ya ɗora uwarsa a kan katako bayan ya rantse, kafin la'asar za a mayar da kayan auren Zarnigor, kuma babu gidan da zai sake tambayarta. Ya jira ko cikin mazan nan akwai wanda zai ce mu ne. Ya jira sosai.

"Ku bar shi," ya ce. "Na rage ta da yawa. Hancinta ba nauyi. Kuskurena ne."

Babu wanda ya yi mamaki, don an san shi da faɗin laifinsa da bakinsa. Waɗanda suka ƙona katakan su suka fi kowa gyaɗa kai. Wani har ya ce, "Ai dama mun faɗa." Aka yanke cewa daga ranar Guntuwa ba za ta ƙara wuce gada ba. Aka shafa fatiha. Usta ya tashi ya shuri takalman da ke bakin ƙofa ya tafi.

Aka jawo ta da dawakai aka kawo gida. Ta ƙare rayuwarta tana kwasar taki a gonakin ƙasa, inda ko amalanke zai iya. Mu na sama muka koma jaki, har yau a jaki muke. Abin da ya rage mana a kurmi a shekarar ruwa ya cinye shi. Ina zaune ina tsince mai kyau daga ruɓaɓɓe, ina jin mata a hanya suna cewa Allah ya isa tsakaninsu da Usta, cikinsu har da wadda mijinta ya fasa katakan. Ban saba magana a cikin taro ba, amma na ce wa Oyimhon ranar Alhamis, in mun taru karatu a gidan matar Tursunali, sai na faɗi abin da idona ya gani.

Washegari da hantsi ina shanya a tsakar gida na ji an yi gyaran murya ta bayan katanga.

"Yanga," ya ce, wato matar ɗan'uwa, don haka yake kirana tun Hoshim na da rai. "An ce ranar Alhamis za ki yi wa'azi."

"Gaskiya zan faɗa, Usta."

"Gaskiya! Duk garin nan wa bai san ta ba? Tursunali kaɗai, shi ma da ya so sani da ya sani."

"Sun ɓata maka suna. Sun kashe mana hanya."

"Na sani!" Na ji ya jefar da wani ƙarfe ya bugi bodin motar. "Kina tsammani ban sani ba? Idona na ba motar nan. Matsorata ne, duk cikinsu, kuma babbansu ɗan uwata ne. Ni da Ergash mun gama cin abinci a kwano ɗaya har in mutu. Amma yarinyar me ta yi? Ita ta sa katako?"

Na ji numfashinsa yana sauka a hankali.

"Ban taɓa roƙonki komai ba, Yanga. Ranar Alhamis ki je ki yi karatunki ki dawo da bakinki a rufe. In ranar biki ta zo, ki sa rigarki ta kirki ki zauna cikin mata, ki ci shinkafarsu. In an ɗaga hannu, ki yi wa yarinyar addu'a da gaske, taki da tawa. Ni in na je, sai na kifar musu da tukunyar."